Noti na Goma Sha Takwas

Yau kwana arba'in da muka binne Arezki, amma har yanzu idan waya ta yi ƙara da safe sai in ɗauka shi ne, zai tambaye ni ko mutanen Oran sun farka. Matarsa Wardiya ce ta ce in rubuta wani abu saboda jikokinsa, don su a saninsu kakansu tsoho ne kawai mai ciwon baya da ke shuka tumatir a bayan gida. Ni ba mai ilimi ba ne, daga aji shida na bar makaranta. Amma shekara goma sha ɗaya muna kwana ɗaki ɗaya da shi, muna ci a tukunya ɗaya, kuma akwai abin da ya yi mini wanda ban taɓa faɗa wa yaran ba. Shi zan faɗa.

Na fara ganinsa a shekarar 1984, a filin zangon ma'aikata kusa da wata tashar nukiliya a bakin kogin Rhône. Ina da shekara ashirin da shida, na baro aikin fentin jiragen ruwa a Marseille. Shi yana da talatin da bakwai, siriri, gajere, da gashin baki kamar na malamin makaranta. Yana zaune a ƙofar tirelarsa, irin ɗakin kwanan nan mai taya da ake ja da mota, yana yanka albasa. Na yi sallama, ya amsa, amma bai dubi fuskata ba, kafaɗuna ya tsaya kallo.

Ya ce, "Juya in gani."

Na juya.

Ya ce, "Za ka shiga. Daga ina?"

Na ce daga Oran.

Ya ce, "Subhanallahi. Sun rasa wanda za su turo mana sai ɗan birni. Ka iya dafa wani abu, ko rawa kaɗai aka koya muku?"

Na ce, "Ku mutanen dutse da ba ku san komai ba sai awaki da zaitun, me za ku gane a girki?"

Ya yi dariya har wuƙar ta faɗi. Ya ce akwai gado ɗaya babu kowa a tirelar, idan ba na munshari. Ina munshari. Shekara goma sha ɗaya yana yi mini gori a kai.

'Yan tsalle ake ce mana. Duk shekara idan aka kashe tasha don gyara, sai a cika babban tafkin da ke kan murhun nukiliyar da ruwa don a kwashe makamashin a ƙarƙashinsa. Ruwan nan yana da hanya, wani ƙaton bututu, da ke kai shi gindin tukunyar tururi. A daidai lokacin kuma akwai mutanen da za su buɗe gindin tukunyar su duba ƙananan bututanta. Dole a toshe bakin ƙaton bututun da marfi, a ɗaure shi da noti ashirin, in ba haka ba ruwan tafkin gaba ɗaya a kansu zai sauka. Mu ne masu ɗaure marfin. Ƙofar shiga rami ne da bai kai faɗin kafaɗar ƙato ba. Za a sa maka rigar leda mai tiyon iska, mutum biyu su ɗaga ka kamar itace su cusa ka ciki, hannu a gaba. A cikin wurin kuwa akwai tiririn nukiliyar nan mai illa da ido ba ya gani, hanci ba ya ji. Minti biyu ake ba ka, wani lokaci bai kai ba. Kowa yana da ɗan ma'auni kamar biro a maƙale a ƙirjinsa, kowa kuma da iyakar abin da aka yarda jikinsa ya ɗauka a shekara. Kaso muke kiransa. Ranar da kasonka ya cika, ka gama aiki sai wata shekarar.

Kafin a bar ka ka shiga ta gaskiya, sai ka yi makonni a tukunyar ƙarya, wadda aka ƙera a wata rumfa don koyo. Can Arezki ya koya mini aikin. Rana ta farko na shiga ina ƙirga noti da baki, ɗaya, biyu, uku. Da na fito ya ce, "Nawa ka ɗaure?"

Na ce, "Bakwai."

Ya ce, "Shida. Koma ka duba."

Na koma, shida ne.

Ya zaunar da ni a kan wani akwatin ƙarfe ya ce, "Saurara, ɗan birni. Lamba ba ta da fuska. Da tsoro ya shigo, ita ce ke fara gudu daga kanka. Ni ba na ƙirgawa. Ƙauyenmu gida ashirin ne daga kan tudu zuwa maɓuɓɓugar ruwa. Ina shiga sai in fara gangarowa, kowane noti gida ne, sai na gaishe su kafin in wuce."

Ya shiga ya nuna mini. Daga waje ina jin muryarsa a cikin ƙarfen: gidan liman, gidan Mohand maƙeri, gidan gwauruwa, gidan masu jaki biyu, haka har ƙasa. Na goma sha takwas gidan mai zuma, na goma sha tara gidan kurma, na ashirin gidan bakin ruwa. Ya fito ko haki ba ya yi. A shekarun da suka biyo baya na ji wannan jerin ya fi sau dubu, har na haddace shi ban taɓa taka ƙauyen ba.

Ni unguwarmu gidajen ba su ƙirguwa. Amma a ƙa'ida noti bakwai ake ba mutum a shiga ɗaya, ni kuwa 'yan'uwana bakwai ne. Sai na ɗauke su: Kadda, Milud, Yamina, Bashir, Fadila, Jilali, Haira. Arezki ya ce ya yi, amma in riƙa sassauta wa matan murya.

Haka muka yi ta yawo daga tasha zuwa tasha, muna jan tirela da tsohuwar motarsa. Rhône a bazara, Loire a kaka, wani lokaci bakin tekun arewa inda iska ke girgiza tirelar. Iyalinsa suna Saint-Étienne, sai ya yi wata biyu bai gan su ba. Duk ranar Lahadi bayan azahar yana tsaye a layin rumfar tarho yana jira ya ji muryar 'ya'yansa mata. Yana da jarkar man zaitun da mahaifiyarsa ke aiko masa daga ƙauye, ba ya barin kowa ya taɓa ta sai ni, ni ma yana tsaye a kaina. Yana da tumatir guda ɗaya a gwangwanin fenti, duk inda muka sauka shi ne farkon abin da yake fitarwa ya ajiye a rana. Turawan da muke aiki tare suna ce masa manomi. Amma idan aka zo rabon aiki, kowa so yake a sa shi ƙungiyar manomi.

Ba shi da ƙarfi, ni na fi shi. Abin da yake da shi natsuwa. Aikin da zan yi a daƙiƙa ɗari, shi a saba'in ya gama, don hannunsa ba ya lalube, kai tsaye yake zuwa inda zai je. Saboda haka kasonsa kullum shi ne na ƙarshen cika. Ni ma nakan yi alfahari da haka kamar nawa ne. Idan sabon mutum ya zo nakan nuna masa shi in ce, ga wanda ya fi kowa a ƙasar nan, kuma ɗakinmu ɗaya.

A kakar 1991 muna wata tasha a bakin Loire. Shugaban ƙungiyarmu, shef muke ce masa, Fernand ne, Bafaranshe mai ƙaton ciki da jan fuska, shi ke riƙe agogo idan muna ciki. A wannan shekarar kamfanin da ya ɗauke mu ya aiko wa Arezki takarda. Akwai aiki ɗaya da ya rage a watan Nuwamba a wata tasha, idan ya jagoranci shigar ya kammala, za a mayar da shi ma'aikacin dindindin, mai koyar da sababbi a tukunyar ƙarya, kusa da gidansa. Ba sauran tirela, ba sauran rumfar tarho. Takardar tana ninke a cikin aljihunsa, na ga ya karanta ta ya fi sau hamsin. Ya lissafa kasonsa tsaf: shiga ɗaya a Loire, shiga ɗaya a Nuwamba, shi ke nan ya cika daidai.

Ranar Talata ce. An riga an shigar da marfin da safe. Mu uku ne masu ɗaurewa: Tonio, wani ɗan Fotugal, ya ɗauki shidan farko, Arezki bakwai na tsakiya, ni bakwai na ƙarshe, daga na goma sha huɗu zuwa na ashirin. Za a fara cika tafkin ƙarfe huɗu na yamma.

Gindin tukunyar ɗaki biyu ne, na dama da na hagu, kowanne kamar hoton ɗan'uwansa a madubi. Duk makon nan a ɓangaren dama muka yi koyo, ranar kuwa na hagu muka shiga. Na san da haka, an faɗa mana. Amma da aka cusa ni ciki, hannuna ya tafi inda ya saba, na ɓata daƙiƙa goma ina neman Kadda a inda ba ya nan. Gilashin fuskata ya yi gumi. Na samo shi, na ci gaba da sauri, ina ɗaurewa ina kiran suna. Ina kan Haira na ji Fernand ya buga ƙarfe, aka ja ni waje ta ƙafa.

Aka duba ma'aunina, kasona ya cika. Na Tonio ma ya cika. Aka hura iska aka gwada marfin, bai yi yoyo ba. Fernand ya daki kafaɗata ya ce a tafi a ci abinci.

Ina ƙarƙashin famfon wanka abin ya zo mini. Na tuna Bashir sarai, don sifana ta zame mini a kansa. Na tuna Jilali, don a kansa gwiwata ta bugi ƙarfe. Tsakaninsu babu komai. Na rufe ido na sake bi daga farko. Kadda, Milud, Yamina, Bashir. Jilali. Na kasa jin bakina yana cewa Fadila. Wataƙila na ɗaure ta ban kira ba. Wataƙila na kira na manta. Wataƙila na tsallake ta. Ruwan zafi yana zuba a kaina, jikina ya yi sanyi ƙalau.

A ɗakin cin abinci na zauna gaban faranti na kasa ɗaga cokali. Agogon bango ya nuna ɗaya saura kwata. Na ce wa kaina an yi gwaji, ya wuce. Na kuma san gwajin iska na minti goma daban, nauyin ruwan tafki na kwana goma sha tara daban, kuma mutum goma sha ɗaya za su riƙa aiki a ƙarƙashin marfin nan. Na san wasunsu, muna buga kati tare.

Arezki yana gefena yana tsoma burodi a miya. Bai dube ni ba ya ce, "Ɗan Oran ya bar abinci. Wa ya mutu?"

Na ce, "Ba kowa, Dda." Haka ƙannensa ke kiransa a yarensu, ni ma na ɗauka.

Ya ce, "To miƙo naman."

Na miƙa masa. Ya ajiye burodin ya juyo. Ya dube ni, ya rage murya ya ce, "Wanne?"

Na ce, "Ai gwaji ya wuce."

Ya ce, "Ban tambaye ka gwaji ba. Wa ka bari ba ka gaisar ba?"

Na ce, "Fadila. Ban sani ba, Dda. Wallahi ban sani ba. Ina jin na ɗaure."

Ya ce, "Kana ji."

Na ce masa zan koma da kaina. Zan bar ma'aunina a aljihun wando a ɗakin canza kaya, in roƙi Fernand ya kawar da kai. Ba ni zan fara ba, mun san waɗanda suka yi haka don kada a sallame su.

Ya ce, "Idan ka bar biro a wando, jikinka ma a wandon za ka bar shi? Ko aure ba ka yi ba, sakarai. Tashi mu je wurin mai tumbi."

Muka sami Fernand a waje yana shan taba. Arezki ya tsaya a bayana. Ni ya bari in faɗa da bakina, kuma ban taɓa furta magana mai nauyin wannan ba. Fuskar Fernand ta ƙara ja. Ya jefar da tabar, ya zagi tukunyar, ya zagi madubi, ya zagi ranar Talata, ni dai bai zage ni ba.

Ya ce, "Huwari, ka tabbata ba ka ɗaure ba?"

Na ce, "Ban tabbata ba, shef. Matsalar ke nan."

Ya ce, "To ba a zuba ruwa a kan ban tabbata ba. Dole wani ya shiga. Kai ka cika, Tonio ya cika. Sai in kira wata ƙungiya daga kudu, kwana biyu kafin su iso. A tsayar da tasha kwana biyu, za a tambayi dalili, sunanka zai hau takarda. Ka san abin da hakan ke nufi. Ba wanda zai sake ɗaukar ka, ko share tsakar gida."

Na ce na sani, a rubuta.

Sai Arezki ya ce, "Me ya kai mu kudu? Ga ni."

Fernand ya ce, "Kai shiga ɗaya ta rage maka, manomi, kuma ta Nuwamba ce. Takardar tana aljihunka, ina ganin kanta daga nan."

Ya ce, "Ka rubuta an sake dubawa don a tabbatar, shi ke nan. Ba ƙarya a ciki."

Fernand ya ce, "Ba za su jira ka ba. Akwai mutum uku a layi."

Ya ce, "Su ba wanda ke da takalmin kirki. Ni da wanne zan shiga ofis?"

Na riƙe hannunsa na ce, "Dda, kada ka yi. Laifina ne. Yaranka fa?"

Ya zare hannunsa ya ce, "Yarana suna da uba ko a tirela yake. Mutum goma sha ɗayan nan ma suna da yara. Kai kuma ka faɗi gaskiya da abinci a gabanka, ba kowa ke iyawa ba. Ba zan tsaya a kore ka a kan wannan ba. Sake ni, ƙarfe huɗu ba ta jiran kuka."

Ƙarfe biyu da rabi muna gindin tukunyar. Ni na ɗaure masa rigar leda. Ni da Tonio muka ɗaga shi. Ba shi da nauyi, bai taɓa yin nauyi ba. Muka cusa shi ciki, Fernand ya danna agogo. Na durƙusa a bakin ramin duk da an hana, ina jin muryarsa sama-sama ta cikin ledar, yana bin bakwai ɗina da gidajensa, daga na goma sha huɗu. Bai yi sauri ba, bai yi jinkiri ba. Na kasa kunne a na goma sha takwas ko zan ji ya daɗe. Wallahi ban iya bambancewa ba. Daƙiƙa sittin da huɗu ya buga ƙafa, muka ja shi.

Da aka cire masa hular, gumi ya jiƙa gashin bakinsa. Na ce, "Yaya, Dda? A ɗaure take?"

Ya ce, "Mai zuma yana gaishe ka."

Na ce, "Don Allah faɗa mini."

Ya juya wurin Fernand ya ce, "Ashirin cif. A zuba ruwa."

Aka duba ma'auninsa, ya cika. Ƙarfe huɗu aka buɗe ruwa. Kwana goma sha tara marfin nan yana riƙe da tafki, mutum goma sha ɗaya suna shiga suna fita a ƙarƙashinsa, ko ɗigo bai taɓa rigar kowa ba. Babu ɗayansu da ya san abin da ya faru ranar Talata.

Washegari na taya shi haɗa kaya, zai koma gida tunda kasonsa ya cika. Ya sa gwangwanin tumatir a kujerar gaba, ya bar mini rabin man zaitun, abin da bai taɓa yi ba. A Nuwamba wani ya jagoranci shigar, shi aka ba matsayin. Ba a sake aiko wa Arezki irin wannan takarda ba. Ya ƙara shekara huɗu a hanya, muna tare, har bayansa ya ƙi, ya koma mai kula da ɗakin kayan aiki a wani gareji a Saint-Étienne, nan ya yi ritaya. Ban taɓa jin ya ambaci takardar ba, ko da wasa, shi da ke yi mini gorin munshari kullum.

Na tambaye shi maganar notin ya fi a ƙirga. A mota, a kan tabarmar salla, ranar aurena, ranar sunan ɗana na fari wanda na sa wa sunansa. Amsa ɗaya ce, mai zuma yana gaishe ka. Fernand ma ya tambaye shi, bai samu ba.

Ni na yi shekara goma sha uku bayan wannan ina aikin, biyar na ƙarshe ni ke riƙe agogo. Sau huɗu shakka ta sake kama ni ko ta kama wani a ƙungiyata, sau huɗu muka tsayar da aiki aka sake shiga. Biyu ba a sami komai ba. Biyu an samu. Duk wanda ya zo hannuna na hana shi ƙirga da lamba. Wani da sunayen tashoshin jirgin ƙasan garinsu ya yi, wani da shanun babansa. Na ji an ce yanzu inji ke yin yawancin aikin, amma har yau akwai masu kiran suna a cikin tukunya, ba su ma san daga wa abin ya fito ba. To daga kakanku ne.

Ciwon zuciya ne ya kwantar da shi a ƙarshen hunturun nan. Na je asibiti na same shi ya ƙara ƙanƙancewa, gashin bakin ya yi fari fat. Wardiya ta fita ta bar mu. Ya buɗe ido ya ce, "An bar mutanen Oran suna shiga nan ma? Asibitin ya lalace."

Na zauna na riƙe hannunsa. Muka yi hirar Tonio da ya koma ƙasarsu, da Fernand da ya rasu shekara shida da suka wuce. Can na ce, "Dda, shekara talatin da wani abu. Mun tsufa. Babu tukunya, babu shef. Faɗa mini, a ɗaure take ko a kwance?"

Ya yi dariya har ta zama tari. Da ya lafa ya ce, "Kai har yanzu ba ka gane ba? Da na ce maka a ɗaure take, wata rana shakka ta kama ka, sai ka ce ai ko wancan karon ma ba komai, ka ci abincinka ka yi shiru. Da na ce a kwance take, da ba ka sake yarda da hannunka ba, da ka bar aikin, kuma hannunka mai kyau ne. Sai na bar ka a tsakiya. A nan ɗan tsalle ya kamata ya zauna."

Na ce, "To yanzu ai na bar aikin."

Ya ce, "Yanzu kuma na manta."

Ƙarya yake yi, na gani a idonsa. Kwana uku bayan nan ya cika. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ƙungiyar mutanen ƙauyensu ta mayar da gawarsa gida kamar yadda ya yi wasiyya, na bi su. Maƙabartar tana kan tudu. Bayan an gama, mutane suka watse, ni na bi hanyar da ke gangarawa ni kaɗai. Ban taɓa zuwa ba, amma ba wanda ya nuna mini komai. Ga gidan liman. Ga na Mohand maƙeri, an mayar da shi shago. Gidan gwauruwa ya rushe, ɓaure ya tsiro a tsakiyarsa. Ina tafe ina kiran su a hankali da muryarsa a kunnena. A na goma sha takwas na tsaya. Ƙofa ce shuɗiya, da akwatunan ƙudan zuma uku a gefen katanga. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, har wata tsohuwa ta leƙo ta tambayi wa nake nema. Na ce ba kowa, gaisuwa na zo amsawa, an daɗe ana aiko mini. Ba ta gane ba, amma ta kawo mini ruwa a kofi na sha.

Da yamma na sami Wardiya a tsakar gidansu na faɗa mata komai, tun daga famfon wanka. Na ce saboda ni ya rasa aikin da zai zaunar da shi gida, ta yafe mini. Ta gyara ɗankwalinta ta ce, "Huwari, tun daren da ya dawo da tumatir ɗinsa na sani. Kana tsammani me ya sa shekara biyu ina zuba maka kuskus ba nama?"

Na ce, "Ya faɗa miki ko a ɗaure take, Nna?" Haka ake kiran babbar mace a yarensu.

Ta ce, "Na tambaya sau ɗaya. Ya ce ba aikina ba ne."

To, 'ya'yan 'ya'yan Arezki, abin da na sani ke nan. Ban san ko na ɗaure notin nan ba, kuma yanzu ba mai faɗa mini. Abin da na sani, mutum goma sha ɗaya sun koma gida da busassun riguna, ni na ci gaba da aikina da mutuncina, kuma kakanku ne ya biya da shiga ɗaya da ta rage masa, a daƙiƙa sittin da huɗu. Wardiya ta ba ni irin tumatir ɗinsa a ƙullin takarda. Na shuka a gwangwani, ya fara fitowa.